Ɗaukar Iyali Zuwa Aiki a Saudiyya: Lissafin da Ake Yi Kafin a Ɗaure Kaya

Tun zamanin da kakanninmu ke tafiya Makka a ƙasa, ta Borno da Sudan su tsallake Bahar Maliya, Bahaushe yake ganin Saudiyya kamar gidan dangi. Shi ya sa idan likita ko ma'aikaciyar jinya ko malamin jami'a ya samu takardar aiki a Riyad ko Dammam, kafin ya gama karanta ta 'yan barka sun cika zaure: "Allah ya kai ka kusa da Ɗaki, a sa mu a addu'a." Addu'ar tana da kyau. Sai dai mai Umra baƙon mako biyu ne, shi kuwa ma'aikaci zamansa a jikin takarda yake, kuma matarsa da 'ya'yansa duk a jikin takardarsa suke rataye. Ga abubuwan da nake ganin ya kamata maigida da uwargida su zauna su tattauna a kansu, su biyu, kafin kowa ya ji labari.

1. Karanta yarjejeniyar aiki kamar mai karanta takardar filin da zai saya. Lambar da dillali ya faɗa maka a waya yawanci jimla ce. A takarda za ka ga an raba ta: ainihin albashi daban, alawus na gida daban, na zirga-zirga daban. Duba ko gidan ba ka za a yi ko kuɗinsa. Duba tikitin hutun shekara, naka ne kai kaɗai ko har da iyali, kuma 'ya'ya nawa. Duba ko akwai tallafin kuɗin makaranta. Mafi muhimmanci, duba ko an ɗauke ka a matsayin mai iyali ko a matsayin gwauro, domin wannan kalma guda ita ce ke raba wanda za a ba gida mai ɗaki uku da wanda za a haɗa shi ɗaki da abokin aiki. Dokar ƙwadagon ƙasar ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kuɗin biza da na igama, wato takardar izinin zama, da na lasisin aiki da tikitin komawa gida idan yarjejeniya ta ƙare. Ta ba da hutun kwana 21 a shekara, ya zama 30 bayan shekara biyar. Lokacin gwaji kuwa yana iya kaiwa kwana 180, kuma a cikinsa ana iya sallamarka ba tare da dogon bayani ba. Idan yarjejeniyar da Larabci da Turanci ce, to ka sani a gaban kotu Larabcin ne ke aiki. Nemi wanda ya ji Larabci na gaske ya karanta maka, ba wanda ya tsaya a Ahalari ba.

2. Da bizar aiki kaɗai ake aiki. Duk wanda ya ce maka ka shiga da bizar Umra ko ta ziyara, "idan ka isa za mu juya ta," to sallame shi da sallama mai kyau. Ƙarshen wannan hanya sananne ne: zaman ɓuya, gudun 'yan sanda, sai tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a kora, sai jirgin da zai sauke ka a Kano da leda a hannu da hatimin hana komawa. Haka nan abin da ake kira biza 'yantacciya, wato ka sayi biza a wurin kafili, wato mai tsaya maka a hukumance, wanda ba za ka yi masa aiki ba, kana biyansa wani abu duk wata. Doka ba ta san da ita ba. Ran da kuka ɓata, rahoto guda zai kai cewa ka gudu, abin da suke kira hurub, shi ke nan ka zama ɗan ɓuya da takardunka a aljihu.

3. Gyara sunanka tun kana gida. Wannan ita ce matsalar da ta fi cin lokacin mutanenmu, kuma ba a ganinta sai an zo gaɓa. A takardar sakandare Muhammadu ne, a ta jami'a Mohammed, a fasfo Muhammad, wani wurin kuma an liƙa sunan gari a ƙarshe wani wurin an cire. Mu a wurinmu duk mutum ɗaya ne. Kwamfutar da ke tantancewa ba ta san haka ba. Jera fasfo da katin ɗan ƙasa da takardun karatu a kan tabarma ka bi su harafi da harafi, har ranar haihuwa. Inda aka samu saɓani a je kotu a yi takardar rantsuwa tun yanzu.

Sai takardar aure. Mafi yawanmu a ƙofar gida ko a masallaci aka ɗaura, shaidu ɗari uku, takarda ko ɗaya babu. Ba za a ba uwargida bizar zama ba sai da shaidar aure a rubuce, ba kuma za a ba yaro ba sai da takardar haihuwa, wadda a Nijeriya Hukumar Ƙidaya ce ke bayarwa. Takardun nan sai an fassara su zuwa Larabci, sun bi ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Saudiyya ya buga hatiminsa. Yi wannan zirga-zirgar da ƙafarka kafin ka tashi. Aiken ƙane daga nesa ya bi maka layin ofis yakan mai da aikin mako biyu ya zama na wata huɗu. Kowane yaro kuma fasfonsa daban, har jinjiri.

4. Ma'aikatan lafiya suna da ƙarin tsani. Hukumar da ke yi wa ƙwararrun lafiya rajista a can ba ta karɓar takarda da baki. Kamfanin DataFlow ne ke rubuta wa jami'arka da majalisar sana'arka da asibitin da ka yi aiki yana tambaya ko gaskiya ne, kuma da yawa sai sun rubuta jarrabawar Prometric. Idan ofishin rajista na tsohuwar makarantarka bai amsa wasiƙa ba, maganarka ta tsaya cak. Don haka je da kanka ka gaisa da mutanen ofishin, ka bar lambarka. Injiniyoyi ma sai sun yi rajista da majalisar injiniyoyin ƙasar. Gwajin lafiya kuwa sau biyu ne, a gida da kuma bayan an isa, ana duba ƙanjamau da ciwon hanta da tarin fuka. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a cikinmu, kuma mutum kan ɗauke shi shekaru bai sani ba. Je ka gwada kanka a asirce kafin ka kashe ko sisi. Kada a manta da katin rigakafin shawara, na kowa da kowa.

5. Kada ka ajiye aikin gida ranar da takarda ta zo. Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Idan ma'aikatarka tana ba da hutun da babu albashi, nemi shi a rubuce. Idan gwamnati ce ta ɗauki nauyin karatunka da sharaɗin yi mata aiki, warware wannan kafin ka tafi, kada ka sulale. Za ka buƙaci takardar shaidar hali daga wurinsu wata rana, kuma ƙila ka dawo ka same su a kujerunsu.

6. Maigida ya fara yin gaba shi kaɗai. Ko ka so tafiya da iyali rana ɗaya, galibi ba zai yiwu ba, domin sai igamarka ta fito kake da ikon neman tasu, kuma mai ɗaukar aiki yana da kwana 90 ya fitar da ita. Igama ita ce komai. Da ita za a buɗe maka asusun banki, da ita za ka kama haya, da ita za ka yi lasisin tuƙi, da ita za ka shiga manhajar Absher inda kusan duk hulɗarka da gwamnati take. Da ta fito, duba sana'ar da aka rubuta a kai. Idan kai injiniya ne aka rubuta lebura don sauƙin samun biza, neman bizar zaman iyali zai gagare ka, domin sana'a da albashi ake dubawa. Duba kuma manhajar Qiwa ka tabbatar yarjejeniyar da aka shigar ita ce wadda ka sa wa hannu a gida, kafin ka danna amincewa.

Fasfonka naka ne, doka ta hana kafili riƙe shi. Tun watan Maris na 2021 an sassauta tsarin kafilci: ma'aikacin kamfani na iya canza wurin aiki bayan shekara guda, yana kuma iya neman bizar fita da dawowa da kansa. Wannan sassauci bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya ba. Mai shirin tura 'yarsa ko ƙanwarsa aikatau ya riƙe wannan a ransa.

Ni dai shawarata, bari lokacin gwaji ya wuce, ka karɓi albashi uku ko huɗu ka ga yadda kuɗin ke tafiya, sannan ka aika a taho.

7. Yi lissafin harajin iyali da biro da takarda. Nan ne gidaje da yawa suka yi tuntuɓe. Gaskiya ne ba a cire harajin albashi a Saudiyya, kuma Riyal a ɗaure yake da Dala, 3.75 a kowace Dala ɗaya tun 1986, abin da ke sa albashin ya yi ƙyalli idan aka juya shi zuwa Naira ko Sefa. To amma a watan Yuli na 2017 an ƙaƙaba wa ma'aikatan kamfanoni 'yan waje haraji a kan kowane mutum da ke zaune a ƙarƙashinsu. Ya fara da Riyal 100 a wata, yana hawa da ɗari duk shekara, har ya tsaya a Riyal 400 a 2020. Kowane kai, kowane wata, babba da yaro. Mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu zai biya Riyal 2,000 a wata, wato 24,000 a shekara, kafin ya sayi ko ƙwayar shinkafa. Kuma a gaba ake biya, lokacin sabunta igama. Gidan Bature mai ɗa ɗaya ba zai ji nauyinsa sosai ba. Gidan Bahaushe mai 'ya'ya bakwai kuwa, lissafin na iya cinye rabin albashi.

Saboda haka tambayi abu biyu tun kafin ka sa hannu. Na farko, wa ya ɗauke ka, gwamnati kai tsaye ko kamfanin da ke gudanar da asibitin ko makarantar? Na biyu, idan harajin ya hau kanka, mai ɗaukar aiki zai biya ko daga aljihunka? Ɗora harajin saye da sayarwa na kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa tun Yulin 2020, da haya, da makaranta, da wuta a watannin zafi. Abin da ya rage shi ne albashinka na gaskiya. Akwai waɗanda bayan wannan lissafi suka ga gara iyali su zauna a gida su riƙa zuwa da bizar ziyara lokacin dogon hutu. Ba abin kunya ba ne.

8. Wa zai tafi, wa zai zauna? Wannan ba tambayar ofis ba ce, ta cikin gida ce, kuma ta fi ta ofis zafi. Mai mata biyu ya san cewa ɗaukar ɗaya a bar ɗaya magana ce ta haƙƙi, ba ta tikiti ba. A zauna a yi ta a fili, a tsara juyi idan juyi za a yi, a sa manya su shaida. Ɗa namiji da ya kai shekara 18 ba a ba shi bizar zama a ƙarƙashin uba. Yarinyar da ke ajin ƙarshe na sakandare kuwa, cire ta ana saura wata shida jarrabawa zalunci ne ko da zuwa Madina ne. Iyaye tsofaffi su ma a tsara wanda zai riƙa kai su asibiti, a faɗi sunansa, a ware masa kuɗin mota. "'Yan uwa za su duba su" ba tsari ba ne. Sannan ka bar wakili guda da takardar wakilci a kan gida da gona da asusu, ka rubuta bashin da kake bi da wanda ake bin ka.

9. Goro ya tsaya a gida. Hukumomin Saudiyya sun hana shiga da shi, kuma hukumar alhazai tana nanata wannan duk shekara amma ba a fasa ba. Laya da guru da ƙulle-ƙullen da Hajiya Babba za ta cusa a jakar jikoki don tsari, a lallaɓa a karɓa a ajiye, domin a can ana iya ɗaukarsu a matsayin sihiri, kuma sihiri babban laifi ne a kotunansu. Magunguna irin su tiramadol da kodin kada su kusanci kayanku. Mai ciwon suga ko hawan jini ya riƙe maganinsa a kwalinsa na asali tare da takardar likita. Safarar ƙwaya hukuncinta na iya kaiwa ga kisa, kuma an sha kama bayin Allah saboda jakar da aka liƙa wa sunansu ba su sani ba. Kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ya rantse yaji ne. Ƙirga jakunkunanku, ƙirga takardun awo da aka manna a tikiti, su zo daidai. Kuɗi ko zinare mai yawa sai an bayyana shi ga kwastan.

Abin da ya cancanci nauyin jaka: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa a naɗe sosai, yaji, da atamfa da shadda ɗinkakku, tunda telan da ya iya ɗinkinmu ba a kowane gari yake ba. Tukwane da kayan wuta ku bar su, suna nan da araha.

10. Gida. Saudiyya ba Makka da Madina kaɗai ba ce. Daga Riyad zuwa Makka ya haura kilomita 800, daga Dammam ya fi haka nisa. Jidda gumi, Riyad zafi busasshe da kan haura digiri 45 sannan sanyi mai shiga ƙashi a watan Janairu, Abaha kan dutse da sanyin iska, Tabuka har ƙanƙara takan zuba a duwatsunta. San garinka kafin ka saya wa yara kaya. Haya galibi ta shekara ce, a biya sau ɗaya ko sau biyu, kuma sai an shigar da yarjejeniyar a manhajar Ejar take da ƙarfi a hukumance. Gidan da aka ce babu kaya, to da gaske babu: wani ko na'urar sanyaya ɗaki babu, ko kantar kicin. Kafin ka shiga kanti, duba manhajar Haraj da zaurukan WhatsApp na abokan aiki. Kullum akwai mai barin ƙasa da ke neman rabuwa da firji da kujeru a rabin kuɗi. Zaɓi unguwa ta la'akari da makarantar yara da masallacin da za a iya takawa, ko da wurin aikinka ya ɗan yi nisa.

11. Makarantar yara ita ce rami na biyu bayan haraji. Makarantun gwamnati da Larabci suke koyarwa. Ga yaro ɗan shekara shida wannan riba ce, cikin shekara guda zai riƙa gyara maka lafazi. Ga ɗan shekara goma sha uku da ya taso da Turanci, wahala ce. Makarantun ƙasa da ƙasa masu Turanci suna da tsada, na tsarin Indiya da Pakistan sun fi sauƙi, na tsarin Ingila da Amurka sai wanda ma'aikatarsa ke biya. Shekarar karatu galibi a ƙarshen Agusta take farawa, don haka a daidaita zuwan iyali da ita. A taho da sakamakon shekarun baya mai hatimi. Tambayar da za ta yi muku jagora ita ce: a ina yaron nan zai yi jami'a? Idan a gida ne, wata rana WAEC da JAMB na jiransa, kada a bari ya yi nisa da tsarin. Hausa kuwa a gida za a riƙe ta. Dokar gidanku ta zama daga bakin ƙofa zuwa ciki Hausa ake yi, in ba haka ba ranar hutu za ku ga yaro ya tsaya gaban kakarsa yana murmushi kamar baƙo.

12. Uwargida ce ke biyan kuɗin ƙaura da ba a rubuta shi a takarda. A gida tana da maƙwabta, da biki da suna, da 'yar aike, da ƙanwar da ke goya mata yaro. A can ƙofa ce a rufe a bene na uku, maigida ya fita tun asuba, yara sun tafi makaranta, titi babu mai tafiya a ƙasa saboda rana. Watanni ukun farko su ne masu wuya. Maigida, kada ka ɗauki shirunta a matsayin gajiya. Nema mata ajin haddar Alƙur'ani na mata a unguwa, akwai su kusan ko'ina kuma nan ake samun ƙawaye da Larabcin kasuwa. Haɗa ta da matan abokan aikinka tun makon farko. Tun watan Yuni na 2018 mata ke tuƙi a ƙasar, kuma matar da ta iya tuƙi ta sauke wa gidan rabin nauyi. A hannun dama ake tuƙi kamar gida, sai dai kyamarorin Saher ba su san "yi haƙuri ranka ya daɗe" ba, tara kawai za ka gani a waya.

Maganar sana'a kuma a yi hattara. Matar da ke zaune a kan igamar mijinta ba ta da izinin aiki sai an nema mata. Dambu da fura da turaren wuta da ake sayarwa daga cikin gida, ko saron abaya ana aikawa Kano, duk da kowa na yi, ba shi ya sa ya halatta a dokarsu ba. Buɗe kanti da sunan ɗan ƙasa alhali naka ne, abin da suke kira tasattur, hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara biyar da tarar Riyal miliyan biyar.

13. Gidanka zai zama masauki, shirya wa wannan. Duk ɗan garinku da ya zo Umra yana da lambarka. Karɓar baƙo ɗabi'armu ce, ba mai cewa a daina. Amma ka tambayi ranar da bizarsa za ta ƙare kafin ka shimfiɗa masa katifa, domin ɓoye wanda bizarsa ta ƙare laifi ne a kanka, kuma igamar gidan gaba ɗaya kake sa wa a caca. Hajji ma ba don kana kusa za ka ɗaura harami ka shige ba. Mazaunin ƙasa sai da tasrihi, wato takardar izinin Hajji, ta manhajar Nusuk, sau ɗaya a shekara biyar. A Hajjin 2025 tarar shiga ba tasrihi ta kai Riyal 20,000, da kora da hana dawowa na shekara goma. Umra kuwa a buɗe take, kuma jirgin ƙasa na Haramaini da aka buɗe a 2018 ya haɗa Makka da Jidda da Madina. Idan kewar gida ta taso, a Makka da Jidda akwai zuriyar Hausawan da suka zauna tun kaka da kakanni, har tsirenmu ya shiga abincin mutanen Hijaz.

14. Kama bakinka, kama wayarka. Muhawarar siyasa da ta aƙida da muka saba yi a majalisa da Facebook ba a yinta a can. Rubutu guda a kan gwamnatinsu ko sarautarsu na iya kai mutum kurkuku. Ɗaukar mutane hoto ba izini laifi ne. Tara kuɗin taimako ko shirya wa'azi ba tare da izini ba, ko da niyyar ta Allah ce, shi ma haka. A ja wa samarin gida kunne musamman. Za ka kuma gamu da mai yi maka kallon raini saboda fatarka, ya kira ka takaruni da wata irin murya. Akwai irinsu, akwai kuma masu karamcin da za su ba ka kunya. Kada ka biye wa na farko a titi. Idan a wurin aiki ne, rubuta, ajiye shaida, kai ƙara ta hanyar ofis.

15. Yanka wa aike iyaka tun watan farko. Abin da ka fara aikawa shi zai zama farilla. Zauna da uwargida ku ware na iyaye, na kuɗin makarantar ƙanne, na ko-ta-kwana, sauran roƙo kuma a amsa da "Allah ya hore." Ta banki ko manhajojin da hukuma ta amince da su za ka aika. Ɗan canjin da zai karɓi Riyal a hannu a ba da Naira a Kano ya fi riba kaɗan, amma ran da aka kama shi sunanka na cikin littafinsa. Bankuna za su yi ta kiranka da tayin bashi da katin bashi da mota a biya sannu. Mai bashi a can ana iya hana shi fita ƙasar, ko da rasuwa aka yi masa a gida.

16. Idan Allah ya kawo haihuwa, inshorar lafiya wajibi ce ga kowa a gidan, amma aji-aji ce, don haka duba tun cikin yana ƙarami wane asibiti katinku ke shiga. Bayan haihuwa a karɓi takardar asibiti, a yi rajista a ofishin Ahwal, a nemi fasfo a ofishin jakadancinku da ke Riyad ko ƙaramin ofishin Jidda, sannan a yi wa jariri igama. Jinkiri tara yake jawowa. Haihuwa a Saudiyya ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, ko a cikin Makka aka yanke cibiyarsa. Lambar motar asibiti 997, a manna ta a jikin firji.

17. Ranar dawowa tana cikin yarjejeniya tun ranar farko. Ba a yi wa baƙo fansho a can. Abin da ke akwai shi ne kuɗin sallama: albashin rabin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sannan na wata guda a kan kowace shekara bayan nan. Idan kai ka ajiye aikin da kanka, ƙasa da shekara biyu ba ka da komai, daga biyu zuwa biyar sulusi, daga biyar zuwa goma sulusi biyu, sai ka cika goma za ka karɓa duka. Kafin ka rubuta takardar murabus cikin fushi, duba kalanda. Tun 2011 kuma ƙasar ke bin tsarin Nitaƙat na mayar da ayyuka hannun 'yan ƙasa, kuma sana'ar da take a buɗe bana ana iya keɓe ta baɗi. Ran da aikinka ya tsaya, igamar uwargida da ta yara ta tsaya tare da shi. Saboda haka kuɗin tikitin kowa da na zaman wata shida su kasance a asusun da ba a taɓawa, lasisin sana'arka na gida kada ya mutu, gidan da kuka bari kuma a sa mai kwana a ciki. Idan lokacin bizar fita ta ƙarshe ya zo, ba za ta fito ba sai an biya tarar titi kuma an cire sunanka daga kan mota, don haka a fara neman mai saye wata biyu kafin ranar.